Me ya sa ake damƙa wa mata kuɗin tallafi?

Tambaya: Malam, duk tallafin da aka kawo garinmu sunan mata ake rubutawa, mu magidanta a bar mu muna kallo. Ashe ba mu ke ciyar da gida ba? Daga wani magidanci a Jigawa.

Amsa: Malam, ba raini ba ne, bincike ne ya kai masu tsara tallafin ga haka. Wanda aka fi kafa hujja da shi na Esther Duflo ne, malamar tattalin arziki a jami'ar MIT ta Amurka, wadda ta samu kyautar Nobel a 2019.

A farkon shekarun 1990, mulkin wariyar launin fata na ƙarewa a Afirka ta Kudu, sai aka daidaita fanshon tsofaffi baƙar fata da na farar fata. Mace ta fara karɓa tana shekara 60, namiji 65. A 1993 kuɗin sun kai rand 370 a wata, kuɗi masu kauri ga talakan karkara, kuma tsofaffin da yawa suna zaune da jikoki. Duflo ta duba awon tsayi da nauyin ƙananan yara a gidajen. Inda kaka mace ce ke karɓa, jikoki mata sun ƙara nauyi da tsayi sosai, musamman in kakar ta wajen uwa ce. Inda tsoho ne ke karɓa, ba ta ga canji ba. Jikoki maza kuwa, abin da ya taɓa su kaɗan ne.

Wato kuɗi iri ɗaya ne, amma inda za su tafi ya danganta da hannun da suka shiga. Wadda ke kan murhu ita ta san yaron da bai ƙoshi ba, ita ke ganin damtsensa ya fara ramewa.

A nan gida, shirin tallafin yara na Jigawa da Zamfara ya riƙa ba masu juna biyu naira 3,500 duk wata har yaro ya cika shekara biyu, kuma tsumburewar yara ta ragu.

Sai dai ban yarda a mai da wannan hukunci a kan maza ba. A wani gwaji a Burkina Faso, kuɗin da aka ba iyaye maza su ma sun amfani yara. Ko shirin na Jigawa bai bar ku a baya ba, har da magidanta aka riƙa wayar wa kai kan shayarwa da abincin yaye.