Amsa ga mai tambaya kan kuɗin da 'yan MMA ke samu

Wa'alaikumussalam Alhaji. Ka ce ƙanenka da ke atisayen MMA (faɗan da ya haɗa dambe, kokawa da shuri) a Jidda yana so ya ajiye aikin shago ya rungumi faɗan keji, kana son sanin ko abin yana ciyar da mutum. Kada ya ajiye aikin tukuna. Ga lissafin.

Kuɗi kam akwai su a harkar, sai dai hannun kamfani suke tsayawa. A 2001 aka sayi UFC, babban kamfanin shirya wasannin MMA, kan dala miliyan 2, a 2016 aka sayar da ita kan kusan biliyan 4. Ba tikitin ƙofa ne babbar hanyar samunta ba, haƙƙin nunawa ne: tashar ESPN ta biya dala biliyan 1.5 na shekara biyar daga 2019, Paramount kuma ta sa hannu kan biliyan 7.7 na shekara bakwai daga 2026. Sai kuma abin da gari ke biya don a kawo masa wasa, irin wanda aka yi a Kingdom Arena ta Riyad a Yunin 2024. Amma takardun ƙarar da tsofaffin 'yan wasa suka shigar a Amurka a 2014 sun nuna cewa rabon 'yan wasa bai wuce wajen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga ba, alhali 'yan ƙwallon kwando na NBA kusan rabi suke karɓa, don su suna da ƙungiya mai ciniki da yawunsu. An sasanta ƙarar kan dala miliyan 375.

To, me ke shiga aljihun sabon shiga? Kwantiragin farko a UFC yawanci dala 12,000 ne na shiga keji, da wata 12,000 idan ya yi nasara. In aka doke shi, rabin ya tafi. Dala 12,000 riyal 45,000 ke nan, mai ji zai ce ai an warke. Bari a fara yanka. Idan a Amurka aka yi wasan, baƙo ana riƙe masa kashi 30 na haraji tun kafin kuɗin su iso, wato 3,600. Manaja yana ɗaukar kashi 10 zuwa 20, gidan atisaye da koci wajen kashi 10. Saura dala 4,800 zuwa 6,000, riyal 18,000 zuwa 22,500, kuma cikinsu zai biya abinci da abokan gwaji na shirin mako takwas. Akwai dala 4,000 na sa kayan Venum, kamfanin da ke yi wa UFC kayan wasa, ga wanda bai wuce faɗa uku ba, amma a bakin wannan ya rasa damar manna tallan kansa a wando. Faɗa biyu ko uku ake samu a shekara. Raba wannan gida goma sha biyu ka kwatanta da albashin shagon.

Inda yara ke faɗawa rami shi ne ba ma'aikata ba ne, 'yan kwangila ne. Ba albashin wata, ba fansho. Ya ji ciwo a atisaye wasa ya rushe, babu ko sisi. Ya kasa sauka kan nauyin da aka yanka, a cire masa kashi 20 zuwa 30 a ba abokin karawarsa. Bayan bugun da ya sumar da mutum ko karaya, likita na iya dakatar da shi har kwana 180.

Mutanenmu suna yawan kawo Francis Ngannou, ɗan wasan Kamaru, misali. Shi ya bar UFC a Janairun 2023 da kambu a hannunsa, shi ya sa PFL, wani kamfanin MMA mai gogayya da UFC, ta biya masa buƙatunsa, kuma babban kuɗinsa daga damben da ya yi da Tyson Fury a Riyad ya fito, ba daga keji ba. Wanda bai yi suna ba ba ya da wannan bakin ciniki.

Hanyar da ta fi kusa da mazaunin Saudiyya ita ce PFL MENA, gasar PFL ta Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, wadda ta fara a 2024 bayan kamfanin SRJ na asusun jarin Saudiyya ya zuba kuɗi a PFL, sai BRAVE ta Bahrain da UAE Warriors ta Abu Dabi. Kafin nan ya tara wasannin 'yan koyo ƙarƙashin hukumar MMA ta Saudiyya, ya kuma bincika ko iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ba shi damar karɓar kuɗin wasa, kada a je neman ƙiba a samo rama.

Ranar da aka miƙo masa takarda, lauya ya karanta, ba manajan da kamfanin ya haɗa shi da shi ba. A duba faɗa nawa ne kuma cikin wata nawa, ko wa'adin yana ƙaruwa idan ya ji ciwo ko ya ƙi wani abokin karawa, ko za a iya sallamarsa bayan faɗuwa ɗaya, wa zai biya asibiti, da kuma mutum nawa za a saya wa tikitin jirgi da ɗakin otal, don kocin da ba a rubuta ba daga aljihun yaron zai yi tafiya.