Malam, ya halatta mu dakata da haihuwa saboda ƙasa ta gaji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Gonar da babanmu ya bari mu tara muka raba ta, dajin bayan garinmu kuma masu gawayi sun cinye, wani ɗan boko yace wai yawan haihuwa ne ke kashe duniya. Yarana shida, ni da maiɗakina muna so mu dakata, akwai laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa maganar ɗan bokon nan akwai gaskiya a ciki amma ba ita kenan ba. Mutanen duniya sun kai biliyan 8 a 2022, kuma gonar da a da ake barinta ta huta yanzu duk damina sai an noma ta, wannan ba sai an faɗa maka ba kai ka gani. To amma hayaƙin da ke ɗumama duniya kason Afirka gaba ɗaya ɗan kaɗan ne, mai yara biyu a Amurka sai ya ƙona man da gidanka bazai ƙona ba, shi yasa a Suratul Rum aya 41 Allah ya jingina ɓarnar tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, kuma ya hana almubazzaranci. Je ka Maraɗi da Damagaram, haihuwa ake sosai amma manoma suna barin gawo da sauran tsiro a gona har itatuwa suka dawo.

Hukunci kuwa, tazara ta halatta in kun yarda ku biyun kuma hanyar bata cutarwa, Sahabi Jabir yace muna yin azalu (wato zubar da maniyyi a waje yayin saduwa) Alƙur'ani yana sauka, Bukhari da Muslim suka ruwaito, mu Malikiyya ma sai da izinin matar. Yanke haihuwa kwata-kwata kamar juya mahaifa haramun ne sai da larurar da likita amintacce ya tabbatar, haka hukuma ta ƙayyade wa mutane adadin 'ya'ya bai halatta ba, matsayar majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kenan a zamanta na Kuwait 1988.

Sai dai ka gyara niyya, kayi don lafiyar uwar yaran da tarbiyyar shidan nan, kar ka ƙudurta cewa arzikin Allah zai ƙare, Suratu Hud aya 6 da ta ce arzikin kowace dabba a doron ƙasa yana ga Allah ta rufe wannan ƙofar. Kuma fa kar ka yanke kai kaɗai, ku je asibiti tare. Wallahu a'alam.