Amsa: Ko rubuta waƙa yana da alaƙa da ruhi da addini?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko rubuta waƙa yana taɓa ruhi da addini, ko kuwa fasaha ce kawai irin ta masaƙi da maƙeri. Na daɗe ina rubuta waƙa, kuma ni dai na tabbata yana taɓawa, amma ba a inda yawancinmu muke dubawa ba.

Rubutacciyar waƙar Hausa a zauren malamai ta girma. Da waƙa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka isar da wa'azi ga wanda bai iya Larabci ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, jagororin 'Yan Taru, wato ƙungiyar mata masu neman ilimi da ta kafa, suna haddacewa su kai wa matan ƙauyuka. Daga can muka gaji buɗe waƙa da sunan Allah da salati, a rufe da addu'a. Sai dai yau mai waƙar siyasa da zai ci mutuncin abokin hamayya a baiti na uku, shi ma da Bisimilla yake farawa. Saboda haka mabuɗin waƙa ba ya gaya mini komai game da zuciyar mai ita.

Inda nake gamuwa da abin shi ne wurin amsa-amo, wato sautin da layukan waƙa suke ƙarewa da shi iri ɗaya. Da kakata ta rasu na zauna yi mata marsiyya, ɗangogina, wato layukan baitukan, suna ƙarewa da "ya". Sai kalmar "waliyya" ta faɗo, ta zauna daram a kan kari, ga daɗin rerawa. Na tsaya ina dubanta. Na san tsohuwar da tashin dare, na san ta da ajiye wa almajirai tuwo kafin ta ci nata, amma matsayinta a wurin Allah ba ni na raba ba. Na soke ɗangon, na mayar da shi roƙon gafara. Bai kai na farko armashi ba, amma shi zan iya amsa tambaya a kansa ranar gobe. Kusan kowane baiti haka yake: ƙarya mai daɗi tana zuwa da sauri, gaskiya kuwa sai ka yi mata zaman jira. Wannan kokawa da rai, a wurina, ita ce ɓangaren ruhi na rubuta waƙa.

Duba ƙarshen Suratus Shu'ara'i, aya ta 224 zuwa 227. Laifin da aka kama mawaƙa da shi shi ne ɗimuwa a kowane kwari da faɗin abin da ba su aikatawa, sannan aka ware waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambaton Allah. Hassanu bin Sabit ma ai da waƙa ya kare Manzon Allah (SAW). Ba waƙar aka zarga ba, halin mai yinta aka zarga.

Akwai kuma yadda baiti yake zuwa. Wani lokaci ka yi ta fama ba ko ɗango, sai bayan Asuba, kana zaune a kan darduma, ya sauko a shirye kamar ana karanta maka. Larabawan jahiliyya cewa suke kowane mawaƙi da shaiɗaninsa, mu ma nan in makaɗi ya gawurta sai ka ji ana cewa yana da aljanu. Ni baiwa nake ce masa, kuma wanda aka ba baiwa za a tambaye shi inda ya kai ta. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma Imfirajinsa, wato doguwar waƙarsa ta wa'azi, ya shiga gidajen da wa'azin manyan malamai bai shiga ba. Ina yaro na ga almajiri yana rera shi a ƙofar gidanmu, mata suka dakata da daka, wata tana share hawaye da gefen zane.

Kada ka ɗauka sai madahu da wa'azi ne kaɗai ke da wannan rabo. Na karanta waƙar soyayya da mai ita ya kiyaye harshensa, bai ƙara gishiri ba, na ji ta fi wani begen da aka tsara don a yi wa mai shi liƙi. In kana da baitukan da kake tantama a kansu, turo su nan mu duba tare, ɗango bayan ɗango.