Shinge ko murfi: wanne zai tsare yaro daga tafkin ninkaya?

Tambaya: Mun koma gida mai tafkin ninkaya, ga ɗana ɗan shekara 2 ya fara ƙiriniya, ba inda ba ya leƙawa. Maigidana ya fi son a sa wa tafkin murfi, wai shinge zai ɓata kyan farfajiya. Ni dai hankalina bai kwanta ba, kuma ƙarfinmu na abu ɗaya ne yanzu. Da wanne za mu fara?

Amsa: Malama, ku fara da shinge. Shi shinge yana aikinsa ko an tuna da shi ko an manta, murfi kuwa sai wani ya tashi ya ja shi. Ki ɗauka an gama iyo da rana, aka ce a bar tafkin a buɗe tunda za a sake shiga da yamma. Waya ta yi ƙara, kika shiga ɗaki, kina zaton yaron yana wajen babansa, shi kuma yana zaton yana wajenki. A irin wannan tazarar ce ake rasa yara. Hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta taɓa bin diddigin ƙananan yaran da suka faɗa tafkunan gida, ta gano kashi 77 cikin 100 ba su fi minti 5 da ɓacewa daga idon manya ba, kashi 69 kuwa ba a ma yi tsammanin suna kusa da ruwan ba.

Kuma kada ki sa ran jin ihu. Ƙaramin yaro shiru yake nutsewa, domin baki da hanci suna cikin ruwa. Cikin kamar minti 2 ya suma, daga minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa don rashin iska. An ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, to ruwa sau da yawa ba ya barin sa ya koyi darasin.

Sai dai ba kowane shinge ne shinge ba. Wanda nake nufi shi ne mai gefe huɗu, wanda ya raba tafkin da gidan kansa. Mutane da yawa kan kewaye gefe uku su bar bangon gida ya zama na huɗu, alhali ƙofar falo tana buɗewa kai tsaye zuwa bakin ruwa. Wannan ya tare ɗan maƙwabta, ya bar naki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce shinge mai gefe huɗu yana rage haɗarin nutsewar yaro da kashi 83 cikin 100 idan aka kwatanta da mai gefe uku.

Tsayinsa kada ya gaza mita 1.2, wanda shi ne ma'aunin da dokar Ostireliya ta tsayar. Tsakanin sanda da sanda, da tsakanin ƙasa da gindin shingen, kada ya wuce santimita 10, don kan yaro kada ya shige. Sandunan su zama a tsaye. Na kwance tsani kika kafa masa. Ki kuma duba abin da ke jingine da shi: kujera, tukunyar fure, keken yara, duk matakala ne ga ɗan shekara 2.

Ƙofa ce ta fi ba ni ciwon kai idan na je duba tafki. Dole ta riƙa rufe kanta, sakatarta ta faɗa da kanta, ta buɗe zuwa waje ba wajen ruwa ba, sakatar kuma ta yi sama, kamar mita 1.5. Ga gwajin da za ki yi duk wata: buɗe ta tsawon tafin hannu kawai, ki saki. In ba ki ji ƙas ɗin sakata ba, sifirin ya saki, a gyara shi a ranar. Kuma a hana kowa tokare ta da dutse ko bokiti.

Ban ce murfi banza ba ne. Yana rage ƙafewar ruwa, yana tare ganye da ƙura, kuma na kirki yana ɗaukar yaro. Na kirkin shi ne wanda aka ɗaure da ƙugiyoyi a daɓen tafki ko mai tafiya kan layin ƙarfe da inji, wanda ya cika ma'aunin ingancin murfin tafki mai suna ASTM F1346, wato ya ɗauki kusan kilo 220, nauyin manya biyu da yaro. Faransa ma, a dokarta ta 2003, ta yarda da irin wannan murfi a cikin hanyoyi huɗu da mai tafki zai zaɓa. Amma ledar nan mai kumfa-kumfa da ake shimfiɗawa kan ruwa don ɗumama shi, da tamfol da aka danne da bulo, tarko ne. Yaro yana ganin su kamar daɓe, ya taka, su naɗe shi, su kuma ɓoye shi daga idon mai nema. Ko murfi mai inganci, in ruwan sama ya kwanta a kansa, a zuƙe shi da famfo, domin ruwa mai zurfin santimita 5 ya isa ya kashe jariri.

Batun kyan farfajiya kuwa, ki nuna wa maigida shingen gilashi ko na raga mai duhu, wanda ake hango ruwa ta cikinsa. Na ragar ma ana iya cire shi idan yaran sun girma sun iya iyo. Kafin ma'aikata su zo, ku sa sakata a can saman duk ƙofar da ke fita wajen tafkin, ku kwashe ƙwallo da kayan wasa daga ruwan bayan kowane iyo. In kuma kika nemi yaron kika rasa, tafkin za ki fara dubawa, kafin ɗaki ko ƙarƙashin gado.