Igamata ta ƙare, fasfona yana hannun kamfani: wane ofishi zan nufa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, ina aikin walda a wani kamfanin gine-gine a Jidda, shekara ɗaya da wata bakwai ke nan. Igamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, ta ƙare wata biyu da suka wuce, kullum na tuntuɓi manaja sai ya ce mini "bukra in sha Allah", wato sai gobe. Fasfona kuwa tun ranar da na sauka suka karɓe. Makon jiya 'yan sanda suka tare motarmu, da ƙyar suka ƙyale ni. Wani ɗan garinmu ya ce in ba shi riyal 1,500, ya san wani a Jawazat. Wani kuma ya ce in gudu Makka in nemi wani aikin. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka bi ko ɗaya.

Bari in fara da mai neman riyal 1,500. Jawazat, wato hukumar fasfo da shige da fice da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ba ta sabunta wa ma'aikaci igama don ya je ya tsaya a gaban tebur. Kamfani ne ke yi ta intanet, ta shafin ayyukan gwamnati na Absher ko Muqeem, bayan ya biya kuɗin izinin aiki da inshorar lafiya. In ba a biya waɗannan ba, kwamfuta ba za ta buɗe ba, ko wa ka sani. To me ɗan garinku zai saya maka? Ko dai kuɗin su tsaya a aljihunsa, ko kuma ya miƙa su ga wani jami'i, ka shiga abin da ya fi na da muni. Dokar cin hanci a Saudiyya tana kama mai bayarwa da mai karɓa da ɗan tsakani, hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 10 da tarar riyal miliyan ɗaya. Mun saba a gida a ce "a ɗan ga oga", amma a can wannan gani yana kai mutum gidan kaso.

Akwai mu'aƙƙibai na gaskiya, masu bin takardu a ofisoshi, amma kamfani suke wa aiki, shi ke biyansu.

Yanzu ga dalilin "bukra" ɗin manajanka. Kamfani yana biya wa kowane baƙon ma'aikaci harajin riyal 700 ko 800 a wata, gwargwadon yawan 'yan ƙasa da ya ɗauka. A shekara kuɗin kan kai riyal 9,600 a kan mutum ɗaya, ban da inshora. Kamfanin da aljihunsa ya yi sanyi sai ya riƙa ja. Wani lokaci kuma ba kuɗin ba ne: in kamfani ya faɗa jan layi a tsarin Niɗaƙat, saboda bai ɗauki 'yan ƙasa yadda aka ƙayyade ba, ana toshe masa sabunta izinin baƙi. Ko wanne ne, nauyin ba naka ba ne. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ya ɗora wa mai aiki kuɗin igama da izinin aiki da sabunta su, har da tarar jinkiri, wadda take riyal 500 a karon farko, 1,000 a na biyu. In suka zo da maganar a cire daga albashinka, ka ƙi, cikin ladabi.

Riƙe fasfo ma haramun ne a dokar ƙasar, ana cin kamfani tara a kai. Abin ya zama ruwan dare har mutanenmu suna ɗauka ƙa'ida ce. Ka rubuta takarda ka nemi abinka, ka ɗauki hotonta kafin ka miƙa.

Ƙofar da ya kamata ka buga ita ce ta ma'aikatar ƙwadago, wadda ake kira Maktabul Amal. Layinsu 19911. Amma tun kafin ka kira, buɗe Qiwa, shafin ma'aikatar na intanet, a wayarka ka duba abu biyu: an yi wa kwantiraginka rajista? Kuma me aka rubuta a matsayinka? Tun 14 ga Maris 2021 aka sassauta tsarin kafala, wato ɗaure baƙon ma'aikaci ga kafili, mai aikin da ya ɗauko shi, ga ma'aikatan kamfanoni. Wanda ya cika shekara ɗaya yana iya komawa wani kamfani ba sai kafili ya yarda ba, bisa sharuɗɗan kwantiragi da wa'adin sanarwa. Wanda kuma igamarsa ko izinin aikinsa ya ƙare ba a sabunta ba, ko aka riƙe albashinsa wata uku a jere, yana cikin waɗanda aka yarje wa su koma ba tare da jiran kafili ba. Kai ka cika shekara, igamarka kuma ta mutu a hannunsu. Abin da ya rage shi ne ka samu kamfanin da zai turo maka tayin aiki ta Qiwa, ka amince. Maƙerin walda a Jidda ba ya rasa mai nema. (Wannan sassauci bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. 'Yan aikin gida da direbobin gida nasu tsarin daban ne, ta shafin Musaned. Na faɗa ne saboda 'yan'uwanmu mata da ke aikatau, kada su ɗauki wannan amsa su yi aiki da ita.)

In akwai albashi ko wani haƙƙi da ka biyo su, sai ka shigar da ƙorafi. Matakin farko sulhu ne, taswiya wuddiyya, ana ba shi kwanakin aiki 21. In ba a daidaita ba a tura ku kotun ƙwadago. Kada ka yi sanyin jiki, domin bayan wata 12 da rabuwarka da kamfani kotu ba ta cika sauraron ƙarar ba.

Sai batun gudu. Ranar da ka daina zuwa aiki ka miƙa wa manaja wuƙa da nama. Zai shigar da kai a matsayin wanda ya ƙaurace wa aiki, abin da mutanenmu ke kira hurub. Daga nan kai da kake da gaskiya ka koma mai laifi: ba banki, ba aiki na halal, kullum ido a kan hanya, ƙarshe a kwashe ka zuwa tarhil, wato wurin tsare waɗanda za a kora gida, a Shumaisi, a ɗauki zanen yatsunka, a hana ka dawowa. Makka kuma da aka ce ka nufa, shingayen bincike ne a hanyoyinta, balle in lokacin Hajji ya gabato. Ci gaba da zuwa aiki, kana sa hannu a rajista, har takardunka su motsa.

Kan haɗuwa da jami'ai kuwa, ga abin da na gani da idona. Wata rana a wani ofishi wasu mutum biyu suka zo da matsala iri ɗaya. Na farko ya tsaya a gaban taga yana ba da labari tun daga ranar da ya bar gida, yana rantsuwa, muryarsa na tashi. Jami'in bai ɗago kai ba, ya ce "raji'il kafil", wato koma wurin kafilinka, ya danna lamba ta gaba. Na biyu ya yi sallama, ya ce "Allah ya'aɗikal afiya", ya ajiye 'yar jaka: kwafin igama, kwafin fasfo, kwantiragi, takardar banki mai nuna watan da albashi ya tsaya, da lambar ƙorafinsa a rubuce a kan ƙaramar takarda. Jami'in ya buga lambar, ya juyo da fuskar kwamfutar ya nuna masa inda maganar ta tsaya. Bai fi minti biyar ba.

Jami'in can da lamba yake aiki. Saboda haka duk ƙorafin da ka shigar, ka adana lambarsa da saƙon da aka turo maka. In ɗan sanda ya sake tare ka, kada ka gudu, kada ka yi musu, kada ka sa hannu a aljihu da sunan alheri. Nuna masa igamar da ke cikin Absher, ka ce tana hannun kamfani, ga lambar ƙorafi. In Larabcinka bai yi ƙwari ba, ka tafi ofis da wanda ya iya, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba, musamman wadda ake kira mukhalasa, domin ma'anarta ka karɓi duk haƙƙinka.

Wani ƙaramin abu da ke kayar da mutane: lissafin wata. Takardu da yawa da kwanan Hijira suke tafiya, shekarar kuma ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Duba ranar da ke cikin Absher, kada ka dogara da kalandar wayarka. Ofisoshin gwamnati kuma ba sa aiki Juma'a da Asabar.

In kamfanin ya ƙi sakin fasfon, ko ya ce ya ɓata, ka sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda. Ba su da ikon sabunta igama, amma takardar tafiya a hannunsu take. Ka duba Qiwa yau da daddare. In ka tarar an riga an rubuta ka a matsayin wanda ya bar aiki, kwana 60 kake da su ka koma wani kamfani ko ka nemi bizar fita, saboda haka gobe da sassafe ka kira 19911.