Ga mai tambaya kan shiga jirgin ruwa zuwa Shetland

'Yar uwa, da na karanta tambayarki cewa kin samu aikin jinya a Lerwick, babban garin tsibiran Shetland da ke arewacin Scotland, kina tsoron jirgin ruwan Aberdeen ga ƙaramin yaro, wallahi sai da gabana ya faɗi, don halin da na shiga ke nan.

Ni a watan Nuwamba na tafi. Wanda ya yi mini hanyar aikin, ɗan garinmu ne ma, ya ce tafiyar ba komai ba ce, kada in ɓata kuɗi kan ɗakin kwana, kujera ta isa. Ashe shi bai taɓa taka jirgin ba! Ya karɓi kuɗinsa, ya bar ni da goyo. Mun tashi ƙarfe 5 na yamma, a jirgin da ke biyawa ta garin Kirkwall a tsibiran Orkney, tafiyar awa 14 da wani abu. Har muka bar Orkney ina daurewa. Can cikin dare, wajen tsibirin Fair Isle, teku ta tashi. Jirgi ya yi sama kamar ba zai sauko ba, sai ya faɗo, kofuna na zubewa. Na yi amai har ba abin da ke fita sai ruwa mai ɗaci. Ina durƙushe a banɗaki, hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗaya na tallabe da ɗana a bayana, yana tsala kuka, ni ko kalmar shahada nake ta maimaitawa. Wata tsohuwa 'yar tsibirin ce ta karɓe shi, ta lulluɓe shi da rigar sanyinta, ta ce in kwanta a ƙasa in rufe ido. Allah ya saka mata. Shi ko mutumin, da na kira shi da safe ina kuka, cewa ya yi ai kin isa lafiya. Har yau abin na ci mini rai.

Don Allah ki kama ɗakin kwana tun da wuri, ƙarewa suke yi, musamman da bazara. Ki nemi jirgin ƙarfe 7 na yamma, shi kai tsaye yake zuwa, awa 12 da rabi. Maganin jiri ki sha tun kafin a tashi, in amai ya fara ba ya zama a ciki. Na yaron ki tambayi mai kantin magani. Kada ki cika ciki da maiƙo, ki riƙe citta. Akwai jirgin sama zuwa Sumburgh, filin jirgin saman Shetland, kamar awa ɗaya daga Aberdeen, amma hazo da iska kan hana shi tashi, kuma kayanki ba za su shiga ba.

Af, kaya! Ki yi guzurin naman halal, kuka, daddawa da yaji daga Aberdeen. Kifi dai har sai kin gaji.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne duhu. A Disamba hasken rana bai kai awa 6 ba, ki shiga aiki da duhu ki fito da duhu, ga iska, ga ba itatuwa. A Yuni kuma kusan awa 19 rana na waje, dare ba ya yin baƙi sosai, don haka ki nemi malami ya yi miki bayanin lokacin isha da asuba tun kafin ki zo. Ki saka ranar zuwanki a nan, in ba ni da aiki zan tsaya miki a bakin tashar da shayi a fulas.