Gilashin 504 ɗin Baba ya ƙi tashi, kwalin ƙofa ya ruɓe, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga, barka da aiki. Ni a Tudun Wada nake nan Kaduna. Akwai Peugeot 504 da mahaifinmu ya rasu ya bari, ta fi shekara shida a ajiye ƙarƙashin bishiyar mangwaro a gida, yanzu na sa an tada inji tana tafiya lafiya lau, ƙofofin ne matsala. Gilashin direba sai kana murɗawa wani yana ja ta sama da hannu, na baya ɗaya ma ya faɗa ciki gaba ɗaya, kwalin ƙofa duk ya kumbura yana wari. Wani abokina yace in cire komai in sa na lantarki in huta. Don Allah meye shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba ya kyauta makwanci. Toh kafin komai, daina murɗa hannun nan da ƙarfi daga yau, don duk murɗawar da kake yi haƙoran ƙarfen ciki kake cinyewa, kuma su ne abu mafi wahalar samu a duk abin da ka lissafa.

Abin da ke damun ƙofofin ka guda ɗaya ne, ruwa. Mutane da yawa suna ɗauka ƙofar mota a toshe take ruwa baya shiga, ba haka bane, ruwa yana bin jikin gilashi ya gangara ciki, shi yasa aka yi ƙananan ramuka a can ƙasan ƙofa don ya fita. Yanzu ka duba motar da ta yi shekara shida ƙarƙashin mangwaro, hunturu ya zo ya zuba mata ƙura, ganye da fure sun bi ta gefen gilashi, damina ta zo Agusta ta yi ta tsuga ruwa, ƙurar nan ta zama laka ta toshe ramukan, shikenan ƙofa ta koma randa. Daga nan tsatsa, daga nan kwali ya sha ruwa ya kumbura. In ka kai wa mai kushin ya ɗinka maka sabon kwali mai kyau baka gyara wannan ba, wallahi damina biyu zaka dawo kana wannan tambayar.

Wajen cirewa a hankali. Fara da madogarar hannu da abin buɗe ƙofa, sukur ne ke riƙe su. Hannun gilashi kuma a tsofaffin motoci wani sukur ne a tsakiya ƙarƙashin ɗan murfi, wani kuma wata 'yar waya ce mai kamar kofaton doki a bayansa, ita wannan tsumma zaka zura tsakanin hannun da kwali ka ja gefe da gefe ta fito, amma ka sa ido don tsalle take yi, in ta faɗa cikin yashi sai dai haƙuri. Kwalin kansa kilif ne kewaye da shi, ka nannaɗe bakin sukudireba da tsumma ka ɗaga dab da kowane kilif, kar ka kama gefe ɗaya ka fizga. Kuma duk ruɓewarsa kar ka yar, shi ne zaka ɗora kan sabo ka zana ramuka. Ka ɗau hoto da waya kafin ka kwance kowane abu, musamman sandunan ƙarfen makulli, ni kaina da na shekara ina wannan aiki na taɓa yini guda ina neman inda wata 'yar sanda ke shiga.

In ka leƙa ciki zaka ga injin gilashin, ko dai mai haƙori da hannun ƙarfe, ko mai waya da ke zagaye 'yan ƙananan tayoyi. Kafin ka zarge shi ka raba shi da gilashin, ka kama gilashin da hannu ka yi sama ka yi ƙasa da shi. In yana cijewa toh laifin hanyar da yake bi ne, wannan robar mai gashi-gashi da ke gefe biyu, ta bushe ta cika da ƙasa ko ta lanƙwashe, kuma sau da yawa a nan matsalar take, injin lafiyarsa ƙalau wahala kawai yake sha. Ka canza ta. Injin kuma ka fito da shi ka wanke da kananzir da tsohon burushi har tsohon giris ɗin da ya zama kamar ƙuli ya fita, ka duba haƙoran, in biyu uku ne suka cinye mai walda mai haƙuri zai iya cikawa a goge da fayil, in sun yi yawa nemi wani. Sai sabon giris a haƙori da duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Abin da na tsana shi ne yaran gareji da ke tsiyaya baƙin mai a hanyar gilashi, ranar zai yi santsi kamar an yi gyara, bayan wata ɗaya roba ta kumbura ƙura ta manne, gara a fesa silikon ko a bar ta haka.

Na bayan da ya faɗa, galibi ƙarfen da ke rungume da ƙasan gilashin ne ya yi tsatsa ya sake shi, ko ɗan tayan da ke gudu a ciki ya fita. Ka zaro gilashin ta sama kana karkata shi, ka ajiye kan bargo. Gilashin ƙofa gasasshe ne, ba a yanka shi ba a huda shi, kuma in gefensa ya bugi ƙarfe zai iya tarwatsewa kamar tsakuwa, don haka wajen mayar da ƙarfen sa sabuwar roba tsakani ka buga da katako a hankali, banda guduma.

Tunda ƙofa na buɗe, kwashe lakar ƙasa, zura waya ka buɗe ramukan nan, kankare tsatsa, shafa jan fenti na hana tsatsa ka bari ya bushe sosai. Robar waje da ke share gilashi ita ma sabuwa. Sannan leda, akwai ledar da kamfani ke mannawa tsakanin ƙarfe da kwali wadda bakanike ke yagewa ya yar, dole ka mayar, ka sa mai kauri, bakinta na ƙasa ya shiga cikin ƙofa don ruwa ya koma ciki ba jikin kwali ba. Ka zuba ruwa buta guda a jikin gilashi ka tsuguna ka ga yana fita ta ƙasa kafin ka rufe.

Sabon kwali kuma kamar milimita 3, in ya fi haka kilif ba zai kama ba hannun gilashi zai dinga goga. Filawud siriri da aka shafa wa banish gaba da baya ya fi kwali jure ruwa. In fatar asalin bata yage ba wanke ta ka shanya a rana ta yi laushi a sake manna ta, zanen layukan nan mai kushin ba zai iya fitar da irin su da keke ba.

Maganar kaya, ka yi sa'a da gari. Motar nan a 1968 ta fito a Faransa, amma daga 1975 aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot nan Kakuri, kuma an ci gaba da haɗa 504 a nan har bayan shekarar 2000, lokacin Faransa ta daɗe da dainawa. Don haka in ka zaga kasuwannin Panteka da Oriyapata da garejojin tsofaffin masu gyaran Fijo ba zaka rasa ba, sai dai ka tafi da naka a hannu a gwada, na hagu daban na dama daban, na gaba ba ya shiga baya.

Na lantarki da abokinka ke faɗa, ni dai ban baka shawara ba. Sai an huda ƙofa an ja waya ta wajen maɗauri, an toshe ramin hannu, kuma in hanyar gilashi na cijewa injin lantarkin gilashin ƙonewa zai yi, ranar da batir ya mutu kana cikin go-sulo a Kawo da rana tsaka ka gane. Fara da ƙofar fasinja ta baya wadda gilashinta bai faɗa ba, ka koyi hannu a kanta, ta direba ka bar ta ƙarshe.